Kanwar Goggo

Funtuwa,
11 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga mai ɗakina Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da 'yar jaririyarmu Bilki. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Lawwali direban motar takinmu ya ce da ya biyo ta garinku Mabai tun daga bakin gari ya hango hayaƙin tukunyar wankanki, wai Dada ta ƙarar da itacen unguwa a kanki. Ki daure ki sha kunun kanwarki ki yi ƙiba, kada ki dawo mini kamar kara. Ki gaishe mini da surukaina Malam da Dada, ki ba su haƙuri, ban sake leƙowa ba tun ranar suna.

Dalilin wannan wasiƙa ba mai daɗi ba ne, amma kada hankalinki ya tashi. Yaronmu Mani ba shi da lafiya. Shawara ce ta kama shi.

Da zazzaɓi ya fara, sai amai, sai ƙin cin tuwo. Abin ya zo daidai lokacin rabon taki. Kin san yadda damunar bana take, gwamnati ta zubo takin zamani kamar ba za a sake yin wata damuna ba, yau ina Sheme, gobe ina Sabuwa, manoma sun yi layi tun da safe kowa yana kiran malamin gona. Duk sanda na fito zan hau babur sai Goggo ta tare ni a zaure ta ce in shigo in dubi yaron. Ni kuwa sai in ce zazzaɓin damuna ne, in miƙa mata ƙwayar magani in wuce. Zulai, ban shiga ba. Kin san halina da yaron nan, kunyar ɗan fari ba ta barina in tsaya in ƙare masa kallo, balle a gaban Goggo. Da wannan na fake, amma gaskiya ita ce hankalina yana kan buhuna.

Ran Juma'a da na dawo masallaci na tarar da shi zaune a dokin ƙofa. Ya ɗago kai ya gaishe ni, sai na ga idanunsa sun koma kamar gwaiduwar ƙwai. Na tambaya aka ce ai fitsarinsa ma ya daɗe da komawa kamar shayi.

Na shiga ciki na iske Goggo ta jiƙa saiwar rawaya, ta kwance tsummanta tana shirin gutsuro kanwa ta jefa a ciki. A nan na yi abin da har yanzu yake damuna. Na ɗaga mata murya a gaban matan maƙwabta. Na ce jahilci ne yake kashe 'ya'yan mutane a ƙauye, na ce ba za a yi shi a gidan wanda ya je makaranta ba. Na zubar da jiƙon, na fizge kanwar da tsumman nata na jefa a jakar aikina. Matar da ta goye ni tun uwata ta rasu, wadda ta yaye Mani ta raine shi a ɗakinta. Ta ɗauki zane ta goya shi, yaro ɗan shekara shida ƙafafunsa suna reto, ta bi ni bakin hanya.

Mun baro gida Daudawa, yanzu muna asibitin Funtuwa. Likita ya taɓa cikinsa ya ce hanta ce ta kumbura, kuma tunda aman ya ƙi tsayawa gara mu wuce babban asibiti a Zariya, inda suke da na'urar auna jini. Gobe da safe in Allah ya yarda Lawwali zai kai mu, don da ma can zai ɗauko kaya.

Na san ki, kina gama karanta wannan za ki fara ɗaure kaya. Kada ki yi. Ba ki yi arba'in ba, hanyar Kankara ta zama taɓo, kuma kin san wahalar da kika sha kafin Allah ya ba mu Bilki. Ki zauna, ki yi masa addu'a, ki roƙi Malam ya sa shi a tasa. Ni na yi sakaci, ni zan tsaya a kansa har ya miƙe.

Haza wasalam.
Ni ne mijinki,
Salihu Gide.

*

Zariya,
16 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga Zulaihatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinki yana ƙara ƙarfi, Bilki kuma tana shan nono tana barci. Na ji wai Dada ta ce hancina ta ɗauko. Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Ina gaida Malam da mutan gida gaba ɗaya.

Mun iso lafiya, an ba mu gado a ɗakin yara. Zariya ta canza, Zulai. Ko'ina gini, ko'ina sababbin motoci, har masinja yana da babur. Amma ban ga komai da idon jin daɗi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin Mani ya yi laushi. In an ɗaga hannunsa aka saki sai ya faɗi kamar ba ƙashi. Wuyansa ba ya riƙe kansa. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ga yawan barci, in an tashe shi sai ya daɗe yana kallon mutum kafin ya gane shi. Goggo ba ta matsawa daga gindin gadon sai in za ta yi salla ko wanki.

Likitar yaran Ba'indiya ce, 'yar ƙarama, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Babbar nas ɗin ɗakin kuwa sunanta Sista Alheri, mutuniyar kudancin Zariya, mai faɗa amma mai tausayi. Da suka ji ina Turanci sai likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ni ma bari in yi miki yadda na fahimta. Ta ce wannan ciwon hanta ba shi da wata allura da za ta kashe shi kai tsaye, jiki ne yake yaƙinsa, su aikinsu su riƙe yaron har hantar ta farfaɗo. Ta ce a jinin mutum akwai gishiri iri-iri, kowanne da ma'auninsa. Amai da rashin cin abinci sun kwashe wa Mani guda ɗaya, sunansa fotasiyam. In ya yi ƙasa tsoka ba ta da ƙarfi, hanji ya tsaya, bugun zuciya ya rikice, kuma dafin da hanta ta kasa tacewa ya fi saurin hawa kai. Shi suke zubawa a cikin kwalbar ƙarin ruwa.

Abin da ya ƙi kwanta mini a rai shi ne jinkirin. Ruwan yana ɗiga ɗis, sai ka gaji da jira kafin wani ɗis ɗin. Na ce me zai hana a buɗe shi ya shiga da sauri, tunda an san abin da ya rasa? Ta zaro ido ta ce in aka yi sauri zuciyar yaro tsayawa za ta yi. A raina na ce mutanen asibiti sun faye tsoro.

Kin san wani abu? Wannan kalma da ta faɗa ba baƙuwata ba ce. 'Yar'uwarta tana rubuce a jikin kowane buhun taki da nake rabawa, fotash. Shekara nawa ina koya wa manoma ita. Masarar da ta rasa fotash, gefen ganyenta yakan yi rawaya, karanta ya yi laushi, iska kaɗan ta kwantar da ita. Da na tsaya na dubi Mani, ga rawaya ga laushi, sai na ga ai na san wannan ciwo tun kafin likita ta buɗe baki. Goggo ta tambaye ni abin da aka ce, na ce mata zance ne na masu karatu, ta bar mu da shi.

Dokar ɗakin nan ita ce kada a ba yaro komai daga gida. Sista Alheri takan bi ta kwance ƙunshin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe saiwoyi da garin magani. Ta zazzage kayan Goggo kaf ba ta samu komai ba. Ni dai ba wanda ya taɓa jakata, sun ga alƙalami a aljihu sai Malam kaza Malam kaza.

Ki kwantar da hankalinki, ban zauna na naɗe hannu ina kallon kwalba ba. Karatun da na yi ba na gona kaɗai ba ne. In mun dawo zan ba ki labari, ki san mijin da kike aure. Wani abin da zai ba ki dariya kuma, jiya na zauna a bakin gadonsa na tallafo kansa da hannuna. Kin taɓa ganin haka? A nan ba wanda ya san ɗan fari ne, kunyar ta bar ni. Ashe kansa ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ki sumbaci Bilki. Sai na sake samun mai zuwa.

Naki,
Salihu.

*

Zariya,
20 ga Yuli, 1977.

Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ina gaida su Malam. Ina fata kuna lafiya.

Jikin Mani ya tsananta. Zawo ya ƙaru a kan aman. Shekaranjiya ya fara surutai, yana kiran akuyar Goggo, yana fizge robar hannunsa. Jiya da hantsi ya yi shiru. Yana numfashi, amma ba ya jin kira. Likita ta sa abin jin zuciya a ƙirjinsa ta daɗe ba ta ɗago ba.

An sake auna jininsa. Ta ce duk abin da suka zuba kamar an zuba a kwando, gishirin nan ya ƙara yin ƙasa maimakon ya hau. Ta ce ba ta gane ba, sai dai in akwai abin da yake shiga cikinsa da ba su sani ba. Sista Alheri ta buɗe 'yar kabad ɗin gefen gado, ta fito da moɗa da fari-fari ya bushe a gindinta, da guntun kanwa a ƙulle cikin tsumma. Tsumman Goggo ne, kowa a ɗakin ya san zanen da aka yage shi daga jiki, don tana ɗaure da shi.

An ce Goggo ce. An hana ta shiga ɗakin. Ta ƙi komawa gida, tana zaune a gindin mangwaro wajen ƙofar asibiti tare da sauran masu jinya.

Lawwali yana nan aka yi abin, na san kafin wannan takarda ta iso hannunki bakinsa ya riga ta. Ina roƙonki kada ki yi saurin fushi da Goggo. Kada ki ce komai a kanta tukuna, kada ki bari a ce. Akwai maganar da zan yi miki, amma yau ba zan iya ba.

Likita ta ce yanzu da aka san dalili za su gyara, sai dai ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ba na iya cin abinci. In na rufe ido moɗar nan nake gani. Ki ce wa Malam a yi sauka, a yi sadaka, duk abin da ya ga ya dace.

Salihu.

*

Zariya,
29 ga Yuli, 1977.

Zuwa ga mai ɗakina Zulaihatu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Bilki da Malam da Dada. Bari in fara da abin da zuciyarki take jira. Mani ya farfaɗo. Yana gane mutane, yana magana, yau har ya zauna da kansa. Alhamdu lillahi. Ki yi sujada ki gode wa Allah, sannan ki nemi wuri ki zauna ki karanta sauran ke kaɗai.

Wasiƙarki ta iso. Na karanta inda kika ce Goggo ba za ta taɓa ɗaukar Bilki ba muddin kina da rai, da inda kika ce Malam ya aika Daudawa a gaya wa dangi abin da tsohuwa ta yi. A bakin ƙofar asibiti na karanta ta, Goggo tana zaune a gabana tana gyara mini ɗumamen da ta dafa a kan duwatsu uku. Ta tambaye ni ko kina lafiya, ko nono ya wadata. Na ce kina gaishe ta.

Zulai, ba Goggo ba ce. Ni ne.

Kanwar nan tun Daudawa tana jakata, kin sani, ni na gaya miki na ƙwace ta. Ranar da likita ta ce fotasiyam, ina fita waje kalmar ta yi ta juyawa a kaina. A makaranta an koya mana cewa kanwa da Turanci ita ce fotash. Ki tambayi duk wanda ya yi aji bakwai a ƙasar nan, haka zai ce miki. Sai na haɗa, abin da yaro ya rasa ɗan'uwan fotash ne, fotash kuwa kanwa ce, ga kanwa a jakata, ga su can suna ba shi ɗis-ɗis kamar masu rowa. Har daɗi na ji. Na ga kaina na fi likita dabara.

A lokacin ya faɗo mini cewa ashe ke nan Goggo ce take da gaskiya tun farko. Da mutumin kirki ne ni, da na je na durƙusa na gaya mata. Ban je ba, don kada ta tuna ranar da na kira ta jahila a gaban mata. Da na je, da ta hana ni. Ita in za ta sa kanwa a jiƙo, ɗan mitsitsi take gutsurowa, kuma ta ce mini daga baya ba a ba mai zawo ko kusa. Ni kuwa da murfin kwalbar lemo na auna, cike da tozo, yadda nake nuna wa manoma su zuba a gindin masara.

Da azahar nake yi, in Goggo ta fita salla, nas-nas kuma suna can suna miƙa wa juna aiki. In dake ta a cikin tsumman, in kaɗa a moɗar Goggo, in tallafo kansa. Ranar farko da kansa ya buɗe baki. Ya dube ni yana ɗan murmushi, don tun da aka haife shi bai taɓa ganin na ba shi wani abu hannu da hannu ba, ko alewa na sayo ta hannunki ko ta Goggo take bi. Ya yamutsa fuska, amma ya shanye don ni. Washegari ya ƙi. Na lallashe shi ya ƙi. Sai na toshe masa hanci na ɗura masa. Haka na yi ta yi. Da zawo ya ɓarke na ce ciwo ne yake fita.

Ranar da Sista ta ɗaga tsumman nan sama ta ce na wane ne, na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Ɗakin cike da mutane, duk masu ce mini Malam. Goggo ta dube ni sau ɗaya. Ita kaɗai a duniya ta san a hannun wa kanwar take. Sai ta sunkuyar da kai ta ce nata ne. Likita ta hau faɗa, ta juyo ta ce in fassara wa tsohuwa, in gaya mata ta kusa kashe jikanta. Na fassara, Zulai. Da bakina na gaya mata, kalma bayan kalma. Ta naɗe tabarmarta ta fita.

Da haka abin zai tafi, don na ga alamar zan iya haɗiye shi. Yaron ne ya tona ni. Bayan ya farka, jijiyoyinsa duk sun ƙi allura saboda yawan huda, likita ta ce dole sauran maganin ya bi ta baki, in ba haka ba gishirin zai sake faɗuwa mu koma inda muka fito. Aka kawo shi a ɗan kofi. Mani yana ganin kofi ya datse haƙora. Sista ta yi, ƙananan nas suka yi, ko ruwa ya ƙi. Sai aka ce a ba ubansa ya gwada. Ina miƙa hannu ya ƙwalla ƙara, ya cusa kansa ƙarƙashin matashi yana kiran Goggo. Yini guda ba abin da ya shiga cikinsa. Da la'asar na ga hannunsa ya fara komawa laushin nan na da. Na roƙi a bar Goggo ta shigo, likita ta ce ba za ta bar wadda ta yi wannan ta sake kusantar gadon ba.

A nan dabara ta ƙare mini. Na bi ta ofis, Sista Alheri tana tsaye, na faɗi komai. Turancin da nake taƙama da shi ya watse, rabi da Hausa na ƙarasa, Sista tana fassarawa.

Likita ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce sunan ne ya yaudare ni. Kanwarmu ba fotash ba ce, Turawan da suka zo ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta. Gishirin da ya cika ta wani iri ne daban, kuma aikinsa a jikin Mani kishiyar abin da nake nema ne. Yana kore fotasiyam ta fitsari da zawo, yana kuma juya jini yadda dafin hanta zai sami hanyar hawa ƙwaƙwalwa. Wato duk abin da suka ɗiga masa da safe, ni nake zuwa da azahar in kwashe. Na tambaye ta ko ni na jefa shi cikin suman nan. Ta ce hantar da ma tana da rauni, ba za ta iya rantsewa ba. Amma kuma ba za ta ce mini a'a ba.

Sista Alheri ce ta fita da kanta har gindin mangwaro ta ba Goggo haƙuri ta riƙo hannunta. Goggo ta zauna a bakin gado, ta karɓi kofin, ta kurɓa a gabansa ta haɗiye, ta ce masa ga shi ita ma ta sha. Ya dube ta, ya buɗe baki. Tun ranar yake sha, jinin kuma yana ta daidaita. Rawayar idon ta fara washewa. Likita ta ce in ya ci gaba haka za ta sallame mu, amma hantar tana son lallaɓawa wata da watanni.

Na sami Goggo a wajen famfo na durƙusa. Ban gama magana ba ta katse ni, ta ce in tashi mutane na kallo. Na ce me ya sa ta karɓa. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗe shi: “In anka ce tsohuwa ta, gobe an manta, ai mu an saba. In anka ce ubanai na, da shi za shi girma.” Ta kuma hana ni gaya wa kowa a gida, har da ke. Ta ce a bar shi a kanta, ita ba ta da sauran abin da za ta rasa.

Wannan karon ma na saɓa mata, amma ina ganin shi ne saɓawar farko da na yi daidai. Ki karanta wa Malam da Dada wannan takarda, kada ki tsallake komai. Na rubuta wa Hadi ƙanena a Daudawa ya bi gida-gida duk inda saƙon Malam ya shiga ya gyara. Maganar da kika yi a kan Bilki kuwa, in kina nan a kanta, to kin san yanzu hannun da za ki hana.

Ban san da wane ido zan dube ki ba. Kin bar mini yaro lafiyayye kin tafi haihuwa. Na ƙi duba shi yana ciwo, da na tashi dubawa kuma na yi masa wannan. Shekara shida ina jin kunyar in miƙa masa ko ƙosai, abu na farko da ya karɓa daga hannuna shi ne ya kusa kai shi kabari.

Likita ta ce a riƙa ba shi ayaba da ruwan lemo, wai su ne suke da abin nan na gaskiya. Jiya na shiga kasuwa na zaɓo ayaba mafi kyau, na kawo na ba Goggo, na koma bakin ƙofa na tsaya inda ba zai firgita ba. Ta ɓare masa ɗaya. Ya tambaye ta wa ya sayo. Ta ce babanka. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, ya kai hanci ya sansana, ya leƙo ni ta gefen ido. Sannan ya miƙa wa Goggo ya ce ta fara ci.

Sai da ta gutsura ta haɗiye, sannan ya ci.

Ki yafe mini in kina iyawa. In ba ki iya ba tukuna, zan jira, kamar yadda nake jiran sa.

Wasalam.
Ni ne mijinki,
Salihu Gide.